Maciji Da Ambaliya A Tsofaffin Finafinai: Ina Tsaba, Ina Ƙaiƙayi?

Abin da na ke so in yi magana a kansa a mujallarmu ta bana shi ne tsofaffin finafinan nan da iyayenmu suka kalla a zamanin ƙuruciyarsu, waɗanda har yau in aka ambace su sai ka ga dattijo ya yi murmushi. Ra'ayina a kansu shi ne kada mu yar da su, kada kuma mu haɗiye su ɗungurungum. Kamata ya yi mu zuba su a faifai mu sheƙe da ilmin kimiyyar da a ke koya mana a aji, tsaba ta tsaya, ƙaiƙayi ya bi iska. Dalilina kuwa, abubuwa biyu da finafinan nan suka fi so, watau maciji da ambaliya, mu nan Kirikasamma da su mu ke kwana, da su mu ke tashi. Kuskure a kan ɗayansu yana iya cin rai, kuskure a kan ɗayan kuwa yana iya cin gona.

Kafin mu shiga maganar, bari mu ɗan waiwaya. Kakanninmu na karkara da majigi suka fara sanin hoto mai motsi. Motar gwamnati ce kan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wasa irin su Baban Larai don koya wa manoma gyaran noman auduga. A birnin Kano kuwa an buɗe siliman Rex tun 1937, daga baya wasu suka biyo, irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba. Da Kwarori 'yan kasuwa suka soma kawo finafinan Indiya, sai suka shiga zuciyar Bahaushe fiye da na Amurka, domin ya ga rawani, ya ga kunya tsakanin yaro da babba, ya ga auren tilas da talaka da mai kuɗi, duk irin nasa na gida. Daga silima suka koma talabijin, daga nan kaset ɗin bidiyo, yau ga su cikin wayar hannu an juya su da Hausa.

Shi kansa fim ɗin ɗan kimiyya ne. Babu abin da ke motsi a jikin majigi. Hotuna ne tsayayyu a jere, a ke haska guda 24 cikin kowace daƙiƙa, sai ido da ƙwaƙwalwa su haɗa su su ga kamar tafiya a ke. Fim mai tsawon sa'a uku kenan ya ƙunshi hotuna fiye da 250,000. Wanda ya gane wannan ya gane yadda mace ke rikiɗa ta zama macijiya. Tsai da na'urar ɗaukar hoto a ke yi, matar ta fita, a ajiye maciji a gurbinta, a ci gaba da ɗauka. Wani Bafaranshe mai suna Georges Melies ya yi suna da wannan dabara tun 1896. Haka nan ɗan wasan Sin da ke tuma daga ƙasa ya dira bisa soro, sau da yawa daga soron ya diro, aka juya hoton baya, ko kuwa waya aka ɗaura masa. Irin wannan ƙarya ba ta da wani lahani, sai fa ga yaron da ya ce shi ne Bruce Lee ya kai wa bulo sara da hannu, ya kwana yana kuka.

To, yanzu mu zo ga maciji. Akwai Nagin na 1954, da Nagin na 1976 wanda Reena Roy ta fito a macijiya, da Nagina na 1986 wanda Sridevi ta yi rawar nan da Amrish Puri ke busa mata sarewa. Labarin bai mutu ba, don tun 2015 aka dawo da shi a wasan talabijin mai dogon zango, ƙannenmu suna kallo. Abubuwa huɗu waɗannan finafinai suka dasa a zukatan mutane. Na ɗaya, maciji yana jin daɗin busa har ya yi rawa. Na biyu, hoton wanda ya kashe maciji yana zama a cikin idonsa. Na uku, matarsa za ta bi masu kisan ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki fansa. Na huɗu, wanda maciji ya sara a kan cece shi da ɗauri da tsaga da tsotsa.

Maganar busa, maciji ba shi da kunne a waje, ba shi da dodon kunne irin namu. Yana da wani ɗan ƙashi a cikin kai wanda ke haɗe da muƙamuƙinsa, da shi ya ke jin girgizar ƙasa, shi ya sa takun mutum kan kore shi tun daga nesa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Queensland ta Ostareliya a 2023 ya nuna yana ɗan jin sauti mai kauri da ke bin iska, amma wannan bai kai a ce yana rarrabe waƙa ba. In gamsheƙa ta fasa kai tana lilo gaban mai busa, tsoro ne ya kama ta, tana bin bakin sarewar da ido ne don ta ɗauke shi abokin gaba. Gardawanmu masu wasa da maciji sun san haka sarai, ku lura da su, hannu da gwiwa su ke kaɗawa. Abin dariya ma, shahararriyar busar nan ta fim ɗin 1954 ba daga sarewa ta fito ba. Makaɗin nan Kalyanji ne ya kaɗa ta da wata ƙaramar molon lantarki mai madannai.

Maganar hoto a ido kuwa tana da ɗan tushe, kuma a nan ne kimiyya ta fi fim daɗin ji. A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗauke da sinadarin da ke koɗewa in haske ya sauka a kansa. Wajen 1878 wani masani Bajamushe, Wilhelm Kuhne, ya sa zomo ya dubi taga mai sanduna, sa'an nan nan take ya cire tantanin cikin duhu ya jiƙa shi a ruwan alif, sai ga inuwar sandunan tagar dishi-dishi. Amma fa inuwa ce kawai, babu fuska, babu kama, kuma in ba a yi wannan aiki cikin gaggawa ba ɓacewa ta ke yi. An yi ta gwada abin a idon mutanen da aka kashe a Turai, har masana suka tabbatar ba abin dogaro ba ne. Ina macijiya za ta sami ɗakin duhu da ruwan alif?

Fansa ita ma babu ita. Maciji ba ya aure, ba ya riƙe ƙulli. Abin da ya sa a kan kashe ɗaya a ga wani kashegari shi ne, wurin da ya yi wa na farko daɗi, mai ɓeraye da kwaɗi da sanyi, zai yi wa na biyu. A lokacin barbara kuma namiji kan bi ƙanshin mace. Ga mu nan ma akwai ƙarin dalili, in ruwa ya cika fadama, ramuka sun nutse, tudun da mutum ya gudu ya hau nan maciji ma zai nufa.

Waɗannan uku ƙarya ce ta nishaɗi. Ta huɗun ita ce mai kisa, don haka zan daɗe a kanta. Kowa ya ga wurin da jarumi ke yage gefen rigarsa ya ɗaure ƙafar yarinya tamau, ya tsaga wurin da wuƙa, ya tsotse ya tofar, ta buɗe ido a hau waƙa. A wani fim ɗin ma macijin a ke kira da busa ya dawo ya zuƙe dafinsa. Gaskiyar magana ita ce haƙorin maciji kamar allura ya ke, yana zurma dafi can cikin nama, nan da nan ya bazu. A 2004 likitoci a Amurka sun gwada wata na'urar zuƙo da aka yi musamman don wannan aiki, abin da ta fitar bai kai ko kashi 1 cikin 100 na abin da aka zuba ba. In na'ura ta kasa, ina ga baki? Ɗauri tamau kuwa hana jini gudu ya ke yi, in ya daɗe naman ya mutu, har ya kai ga yanke ƙafar da dafin kansa bai isa ya lalata ba.

Tsaga ta fi su duka haɗari a ƙasarmu, saboda kububuwa. Ita ce macijin da ya fi kashe mutane a Arewacin Nijeriya, kuma aikin dafinta shi ne hana jini daskarewa. Wanda ta sara sai ka ga jini yana tsattsafowa daga dasashi, ko hanci, ko tsohon miki. Ka tsaga irin wannan mutum da reza, ai ka buɗe ƙofar da ba ka da ikon rufewa. A shekarun 1970 Dokta David Warrell da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin saran kububuwa, suka yaɗa wani gwaji mai sauƙi da har yau a ke amfani da shi a ƙasashe da yawa. A ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allurar kashe dafi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji, kuma da dafin macizan Nijeriya aka haɗa allurar nan da a ke kira EchiTAb.

Na san wani zai ce, “To, ai mun sha ganin an ɗaure an tsaga an sa baƙin dutse, mutum ya tashi garau.” Gaskiya ne an gani, kuma ga dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutum wajen miliyan 5.4 a shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Watau rabi ko fiye, ko dai macijin ba mai dafi ba ne, ko kuwa ya sara bai zuba ba. Waɗannan ko ruwan sanyi aka shafa musu za su warke, sai yabo ya tafi ga dutse. Sauran kuwa, mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara, galibinsu manoma da makiyaya irin iyayenmu. Wanda ya warke yana nan yana ba da labari a kasuwa, wanda bai warke ba babu mai jin ta bakinsa. Abin da likitoci suka ce a yi kaɗan ne. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a sa wa gaɓar tsinke ko itace a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti ba tare da an tsaya neman macijin ba. In kumurci ne ya yi feshi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Mu bar maciji haka, mu koma ga ruwa. A nan fim ɗin da ya kamata mu duba shi ne Mother India na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a Radha. Kusan babu gidan silima a Arewa da bai maimaita shi ba. Labarin matar manomi ce da bashin rufi 500 ya ɗaure gidansu a hannun Sukhilala mai ba da bashi da ruwa, har ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne, don ba su iya karanta takardar da aka dangwala wa hannu ba. Sa'an nan hadari ya zo, ambaliya ta share gidaje da amfanin gona, mutanen gari suka ɗaura kaya za su yi ƙaura, ita ta roƙe su suka zauna suka sake noma ƙasar.

A nan fim ya faɗi gaskiya, kuma mu shaidu ne. Ƙarfin ruwa ba abin wasa ba ne, domin ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne cur. Katangar ƙasa kuwa tun daga gindi ta ke jiƙa ta zube. Ƙasar Haɗeja ta ga haka a 2001, ta sake gani a 2018 da 2020 da 2022. Shawarar Radha ta a zauna ita ma tana da hujja. Ruwa mai gudu yana ɗauke da laka, in ya bazu a fili ya rage gudu sai ya sauke ta, ƙasa ta sami sabon ƙarfi. Wani kuma ya nutse ya cika rijiyoyin da mu ke noman rani da su. Kifi ya bi ruwan ya yi ƙwai a cikin ciyawa, in ya janye makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa, manomi ya bi danshi ya shuka wake. Da wannan zuwa da komawar ruwa kakanninmu suka rayu a Marma da Madachi da Baturiya, suna shinkafa da damina, su da kaka, kiwo da rani.

Amma ku tuna yadda fim ɗin ya fara da yadda ya ƙare. Radha ta tsufa, an kira ta ta buɗe sabuwar hanyar ruwa da gwamnati ta gina, ruwa ya kwarara cikin gonaki, aka rufe labari, watau wahala ta ƙare kenan. Zamanin Nehru ne, lokacin da Indiya ke gina manyan madatsai irin su Hirakud da Bhakra, kowa yana ganin in an tare kogi an tare talauci. Fim ɗin ya nuna mana mutanen da ke bakin hanyar ruwan. Bai nuna mana waɗanda ke can ƙasa, inda kogin ya saba zuwa ba. Mu ne waɗannan mutane.

Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa ya ke samun ruwansa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba na musun amfaninsu, birnin Kano yana sha daga gare su, Kadawa da Kura suna noman shinkafa da tumatir, Auyo ma ta samu. Sai dai ga abin da ya biyo baya a wajenmu. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar Haɗeja zuwa Nguru, a farkon shekarun 1990 kuwa ba ta kai 1,000 ba. Fari irin na 1973 da 1984 yana da nasa laifi, madatsai suna da nasu. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokansa sun auna a farkon shekarun 1990, suka ga ruwan da aka bari ya iso fadama yana ba da amfanin noma da kifi da itace ninki da yawa fiye da in an tsare shi a aikin ban ruwa na Kano.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki, shi ne kacala. Da can kogin yakan ƙafe da rani, duk ciyawar da ke son zama cikin ruwa sai ta bushe. Da aka soma sako ruwa kaɗan-kaɗan daga madatsai rani da damina, sai kacala ta sami abin da ta ke so, ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa da saiwa, iska kuma tana watsa irinta. Inda ta yi duhu ruwa ya rage gudu, inda ruwa ya rage gudu laka ta kwanta, inda laka ta kwanta kogi ya cike, kacala ta ƙara samun wurin zama. Da haka tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkato ta Marma ya kwanta bisa gonakin da a da a ke nomawa, mutanen wajen Gashuwa kuma suna kukan ƙarancinsa. Cikin duhun kacalar nan jan-baki ke kwana ya tashi ya faɗa wa shinkafa, nan sauro ke haihuwa, nan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya ke ɓuya. Dokar da ta sa laka ta zama albarka a gonar Radha, ita ce dai ta sa ta zama masifa a bakin koginmu. Wanda bai san dokar ba sai ya ce ruwa ne ya yi yawa, alhali hanya ce ta toshe.

Sanin dalili shi ke nuna magani. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sako ruwan madatsai yadda zai kwaikwayi halin kogi na asali, a sake shi da yawa da damina, a bar hanyoyin su sha iska da rani. Sai kuma yashe kogi, da injin gwamnati da aikin gayya irin wanda garuruwanmu suka saba. A Senegal da Muritaniya ana mai da kacala gawayi, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma an yi binciken mai da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Duk wannan aiki yana jiran 'ya'yan fadama masu ilmi, waɗanda za su zauna a teburin da a ke yanke shawarar buɗe madatsa su yi magana da lissafi.

Wasu iyaye za su ce hanya mafi sauƙi ita ce a hana yara kallo baki ɗaya. Ina girmama wannan ra'ayi, don akwai finafinan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma kallon da ya hana salla ko karatu ɓarna ne. Amma hani kaɗai ba ya kankare abin da ya riga ya shiga kai, kuma maganar ɗauri da tsaga ta daɗe da fita daga majigi ta shiga gidaje. Wasu abokaina kuma za su ce, “Kai, wasa ne fa, me ya kawo darasi cikin nishaɗi?” Amsata ita ce, ranar da kububuwa ta sari ƙaninka a gonar shinkafa, abin da idonka ya saba gani shi hannunka zai fara yi, ko da kuwa a wasa ka gan shi.

Sabo da haka ina roƙon ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, da izinin shugabanni, ta riƙa zaɓen tsohon fim ɗaya mai tsabta kowane zango, a kalla tare da malaman kimiyya da na labarin ƙasa, bayan an gama kowa ya kawo tambaya ɗaya, a bi ta har a ga ƙarshenta. A gayyaci ma'aikacin asibiti ya nuna mana yadda a ke ɗaukar wanda maciji ya sara. A gayyaci iyayenmu masunta da manoma su gaya mana inda kogi ya ke bi kafin 1974, mu zana taswira mu ajiye, domin abin da ke cikin kansu babu shi a littafi. Mu kuma ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu isar da abu ɗaya ko da shi kaɗai ne, cikin ladabi: kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, a yi asibiti.

Hausawa sun ce tambaya rabin ilmi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da sharrin abin da ke cikin ciyawa, ya sa ruwan bana ya zo mana da alheri, amin.